Kabejin Da Na Hana Gwaggo

Makon jiya wasu 'yan mata biyu daga jami'a suka gangaro lambunmu da fararen takalma. Wai sun gani a waya ana shuka kayan miya a buhu, suna so in koya musu kafin su koma aji ƙarfe goma sha biyu. Ɗaya ta tsuguna kusa da karas aka ɗauke ta hoto, ɗayar ta tambaye ni ko kabeji a cikin ƙasa yake ƙulla kai kamar dankali. Tiyon ruwa ne a hannuna lokacin, Allah ne kawai ya hana ni juya musu shi. Na ce su je, zan rubuta musu. To ga shi na rubuta. Wadda ta ga ya yi mata tsawo ta koma wa wayarta.

Sunana Rabi. Shekarata takwas ke nan ina noman lambu a bakin kogin Wudil. Ba a wajen uba na gada ba, Babanmu tela ne, ko barkono bai taɓa shukawa ba. Na gama sakandare na zauna ina jiran gurbin karatun da har yau bai iso ba, sai aka ɗora min kai wa Kawu Sale abinci a fadama. Kawu yayan Ummanmu ne, 'ya'yansa maza duk sun tsere Kano tuƙin adaidaita, sun bar shi da injin ban-ruwa da ciwon baya. Wata rana na tarar ya saki ruwa ya tafi salla, ruwan ya fasa ya malale har kan hanya. Da ya dawo na ce, "Kawu, wannan ai ɓarna ce." Ya miƙo min fartanya ya ce, "To 'yar boko, gyara." Na gyara. Na faɗi cikin taɓo sau biyu, na koma gida kamar an tono ni. Washegari na dawo don kar ya ce na gudu, kuma dawowar ke nan har yau.

An yi surutu, ba sai na faɗa ba. Mace a fadama, wa zai aure ta, da sauransu. Na ɗaure hijabina a ƙugu, na sa takalmin roba, na bar su da bakinsu. Masu surutun nan kuwa duk sun ci salak ɗina daga baya, wasu ma ba su tsaya wanke shi ba.

Aikin farko da Kawu ya ba ni na kaina shi ne cire ciyawa a karas. Ya nuna min fangali uku, wato ɗan filin nan mai kusurwa huɗu da ake tada wa gefe don ya riƙe ruwa, ya ce in tsaftace su kafin ya dawo daga sayo mai. Na duƙa na yi aiki tsakani da Allah. Duk wani siririn abu mai kama da ciyawa na tuge shi na tara a gefe, na bar masu faɗin ganye masu kyan gani. Da ya dawo ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ce, "Rabi, sannu. Kin cire karas, kin bar mana ciyawa. Sai mu jira mu ga wa zai saya." Jaririn karas kamarsa ɗaya da ciyawa, babu littafin da ya gaya min haka, ni da na ci darasin noma a makaranta da maki mai kyau. Kwana uku yana gabatar da ni ga maƙwabta: "Ga sabuwar ma'aikaciyata, gwanar noman ciyawa."

Sai inji. Injin ban-ruwan Kawu ya girme ni, kuma yana da hali irin na tsofaffi. In ba ka ɗura masa ruwa a baki ba, ba zai ja na kogi ba. In sanyi ya yi yawa sai ka cire fulogi ka goge, ka hura, ka mayar, ka ja igiya har kafaɗa ta ce ta gaji. Ranar da ya ga dama ja ɗaya zai tashi, ranar da kake sauri kuwa sai ya yi tari biyu ya yi shiru yana kallonka. Da ya tashi kuma babu zama. Ruwa na tafe a hanyarsa, kai kana gabansa da fartanya, ka fasa wa wannan fangali, ya cika ka datse, ka fasa wa na gaba. Ka tsaya amsa waya, ka dawo ka tarar tumatir na iyo, albasa na mutuwar ƙishi. Duk wannan da sassafe ake yi, a watan da ruwan kogi ke yanka ƙafa kamar reza. Ku da kuke ɗaukar hoto da rana tsaka, ku zo bayan asuba a Disamba ku tsoma ƙafa, sannan mu yi maganar sha'awar noma.

Masu saye ma karatu ne. 'Yan gwari, masu sarin kayan lambu, suna zuwa tun rana ba ta fito ba, su ɗaga kan kabejin da ka yi wata uku kana lallaɓawa, su yamutsa fuska kamar an miƙa musu mushe, su ce kasuwa ta faɗi. A bakinsu kasuwa ba ta taɓa tashi ba tun da aka kafa ta. Masu kwaɗo su kuma lafiya lau ne, sai dai gyara, a ƙara musu wannan, a ɗora musu wancan. Waɗanda suka fi ba ni dariya matan malaman jami'a. Wata ta zo da mota har bakin hanya, ta tambaye ni, "Wannan oganik ne?" Wato wanda ba a sa wa takin zamani ba. Na ce, "Hajiya, kashin kaji ne da na shanu daga kara, kasuwar shanu, ba mu sa masa komai ba bayan wannan." Ta toshe hanci ta ce a'a, ita oganik take nema. Na ce ta gwada gaba.

Amma duk wannan ba shi na zauna rubutawa ba. Kowane mai lambu yana da shekarar da ba ya son a tuna masa. Wani tsutsa ce ta cinye masa tumatir, wani shanu, wani ambaliya. Ni a tawa shekarar komai ya yi kyau, ban taɓa noma irin nata ba. Bakina ne ya ja min.

Shekarata ta huɗu a lambu Ummanmu ta sauke Alƙur'ani. Da girmanta ta shiga Islamiyyar matan aure, shekara tara tana zuwa, da ciwon gwiwa, da tabaron da ake ɗaure wa ƙafa da zare. Aka sa bikin saukar ƙarshen Disamba, ranar Lahadi: da safe a yi taro a makaranta, bayan la'asar kowace mai sauka ta yi walima a gidanta. Tun damina ba ta ƙare ba aka zauna a tsakar gidanmu ana rabon hidima. Baba ya ɗauki shinkafa da nama. Girki kuwa ba a ma tattauna ba, don kowa ya san na Gwaggo Tabawa ne. Yayar Baba ce, ita ta goye shi. A danginmu da unguwarmu ba a biki, ba a suna, ba a sadakar bakwai sai da ita. Manyan tukwane nata ne, manyan ludaya nata ne, kuma tana da rundunar mata wajen goma sha biyu da in ta ce a tashi ake tashi. Ba biyansu ake ba, zumunci ne, yau a gidanki gobe a gidan wata.

Ni da ba a tambaye ni ba na ce, "Kayan lambu ku bar min. Ko ganye ɗaya ba za a sayo a kasuwa ba."

Gwaggo ta dube ni ta ce, "Mata ɗari biyu fa, 'yar nan."

Na ce, "Ko ɗari uku ne."

Kawu ya yanka min wani yanki a lambunsa ya ce in yi yadda na ga dama. Na cire kalandar shagon Baba na kafa a ɗakinmu, na fara lissafi da baya daga ranar walima. Wannan shi ne ainihin gwanintar, kuma ku riƙe ta: kayan lambu ba sa nuna tare, kowanne da kwanakinsa. In kana so su haɗu rana ɗaya a faranti ɗaya, sai ka saki kowanne a lokacinsa. Albasa na fara reno a kan tudu tun ruwa bai ɗauke ba, don ita ta fi kowa nawa. Sai tumatir da tattasai da kabeji, na rene su na dasa da kogi ya ja baya. Karas ba a dasa shi, a wurinsa ake yafa shi, kuma wannan karon na san fuskarsa. Kokwamba da salak su ne 'yan auta, sai da ya rage kamar wata ɗaya da rabi na sake su, don salak in ya wuce kwanansa tsiri yake yi ya yi ɗaci, ko akuya sai ta yi tunani. Yawan ma na lissafa. Kan kabeji ɗaya mata biyar, ke nan arba'in. Na ƙara biyar saboda tsutsa. Ku lura da kyau: tsutsa na yi wa tanadi, ban yi wa dangi ba.

Kawu ya zagaya wurin ranar da na gama dashe, hannu a baya, ya ce, "Ya yi kyau. Ina na bakin hanya?"

Na san abin da yake nufi. Duk mai lambu a fadamar nan yana ware fangali ɗaya ko biyu ta bakin hanya, ba na sayarwa ba, ba na gida ba, na masu gaisuwa. Wanda duk ya ratso ya yi maka sannu da aiki, ba ya tafiya hannu sake. Ka tsinko masa salak, ko tumatir huɗu, ko ɗan lawashi, ya sa albarka ya wuce. Tun zuwana nake ganin abin a matsayin fashi da sallama.

Na ce, "Kawu, walima nake nomawa, ba gaisuwa ba."

Ya ce, "To." In Kawu ya ce "to" gajere haka, ya riga ya hango inda za ka faɗi, wurin zama kawai yake nema ya yi kallo.

Da Disamba ta kama, yankin nan nawa ya zama abin kallo. Kabeji ya ƙulle tam kamar an ɗaure shi, karas ya fara turo kafaɗa, tumatir ya fara ja daga gindi. Sai gaisuwa ta ɓarke. Matan da shekara uku ban taɓa ganinsu a fadama ba, duk suka tuna suna da 'yar uwa a bakin kogi. Wannan ta dawo daga dubiya a Kausani ta ce bari ta biyo, waccan wai hanya ce ta ratso da ita, alhali hanyar nan daga mu sai ruwa. Kowace da ledarta a ninke cikin hijabi, kana jin ƙararta in ta motsa.

"Sannu da aiki, Rabi. Ina wuni? Ya sanyi? Ya ban-ruwa? Ya mutan gidan? Ya ƙoƙari? Kai, tubarkalla, wannan salak kamar a ci shi a tsaye."

Ni kuma in amsa ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Lafiya lau. Sanyi lokacinsa ne. Da godiya. Suna lafiya. Sai mu tsaya ni da ita muna kallon salak tare. In ta gaji ta ce, "To, bari in ƙarasa." In ce ta gaida gida. Wasu Kawu yakan kira su ya tsinka musu a nasa, amma ba nasa suka zo ci ba, na walima suke so su ɗanɗana, su je su ba da labari.

Saura kwana goma Gwaggo Tabawa ta zo da kanta. Ta sauko gangaren nan da ƙyar tana dafa gwiwa, muka gaisa, na kawo mata buhu ta zauna. Ta huta, ta tashi ta shiga cikin kabeji tana dubawa kamar mai zaɓen rago. Ta tsaya kan wanda ya fi duka girma, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ce, "Wannan ya isa yanka. Ciro min shi in gwada wuƙata, in ji irin abin da za mu dafa."

Na ce, "Gwaggo, a ƙirge suke."

"A me?"

"A ƙirge. Arba'in da biyar ne, kowanne da mutanensa. Ki bari ranar walima kya ci."

Kawu yana can nesa, na ga ya ajiye fartanya ya zauna a kan kunya. Gwaggo ta kakkaɓe hannu, ta gyara mayafi, ta yi murmushi ta ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan. Boko ta yi rana." Ta hau gangaren ba ta ko dafa gwiwa ba. Ni kuwa har ga Allah na ɗauka yabo ne.

Ranar Asabar muka yi ɗiba. A-kori-kura guda muka cika, aka sauke a tsakar gidanmu, na shimfiɗa buhuna na jera komai, na yayyafa ruwa na rufe salak da jiƙaƙƙen zani. Wanda duk ya leƙo sai ya yi salati. A al'ada bayan azahar ɗin jajibiri mata ke zuwa, a tsince shinkafa, a gyara kayan miya a kai niƙa, a kafa duwatsun murhu, a kawo tukwane. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Kaji ne kaɗai suka zo, su ma korar su nake. Umma ta ce wataƙila sanyi ne, da sassafe za su zo.

Gari ya waye, ƙarfe bakwai, babu mace ko ɗaya, babu tukunya ko ɗaya. Umma ta riga ta yi wanka, farin hijabinta na sauka yana rataye a igiya. Ta ɗauki waya ta kira Gwaggo. Wayar Umma irin mai amon nan ce, in ana magana har maƙwabta na ji.

"Yaya, ina kwana? Na ji shiru ne, na ce ko lafiya."

"Lafiya ƙalau, Maman Rabi. Ai cewa aka yi kaya a ƙirge suke. Mu kuwa ba mu yi boko ba. Kar mu je mu yanka na talatin da tara, a ce na arba'in muka yanka, mu ɓata wa yarinya lissafi."

Na ji dariyar mata a bayanta kafin ta kashe. Baba yana jin haka ya ce shi ba ya shiga maganar mata, ya zura takalmi ya fice, wai zai duba masu kafa rumfa. Umma ta juyo. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana, kuma ba ta da yawan magana.

"Ke. Me kika ce wa Yaya?"

Na faɗa mata.

Ta ce, "Shekara tara ina jan ƙafar nan zuwa makaranta. Ƙarfe huɗu mata za su cika ƙofar gidan nan, da malamanmu, da 'yan ajinmu. Ɗanyen kabeji zan miƙa musu?"

Na ce zan dafa da kaina. Ta bi tukunyarmu da kallo, ni ma na bi ta. Babbar tukunyar gidanmu kwano uku take ci, shi ma sai an danna murfi. Ga buhun shinkafa a jingine, ga nama a bahon wanka, ga tulin kayan da na yi wata huɗu ina shiga ruwan sanyi dominsu, salak har ya fara sunkuyar da kai.

Ana haka Kawu ya yi sallama da ragowar kokwamba a bayan keke. Ya dubi tsakar gida wayam, ya dubi Umma, ya dube ni, sai ya zauna a kan turmi ya yi ta dariya har da tari. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗauko baro."

Na ɗauko.

"Zuba."

"Wanne?"

"Wanda Gwaggonki ta ƙwanƙwasa. Da 'yan uwansa. Ki ɗora salak da karas a kai, kar ki tsaya zaɓen ƙanana, ina kallonki."

Haka na tura baro cikin unguwa da safiyar Lahadi, hayaƙi na fita daga bakina don sanyi, masu shayi na leƙe. Wani ya ce, "Rabi, talla aka koma?" Ban kula shi ba, amma na riƙe fuskarsa.

Ina shiga zauren Gwaggo na ga tukwane a wanke, an kife su an jera, ludaya a ɗaure wuri ɗaya. A tsakar gida ga rundunar nan gaba ɗaya sun kewaye wuta suna shan koko da ƙosai, kowace ta ci ɗamara, kowace da wuƙarta a gefe. Wato tun jiya a shirye suke. Ni kaɗai ake jira.

Na ajiye baro, na cire takalmi, na durƙusa.

"Gwaggo, ina kwana?"

"Lafiya lau. Wace ce?"

"Rabi ce."

"Wace Rabin? Ta lissafi?"

Aka kwashe da dariya. Na haɗiye. Ta ce ai ba ita kaɗai ce babba a wurin ba, in bi su in gaishe su. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, mata goma sha biyu, kuma babu wadda ta yi min rangwame. Iya Abu mai waina, wadda sau biyu tana zuwa lambu tana komawa da ledarta a ninke, sai da ta tambaye ni sanyi, ta tambaye ni ban-ruwa, ta tambayi inji, ta tambayi lafiyar tsutsa. Ina amsawa ina kallon rana tana hawa katanga. Da na gama na dawo gaban Gwaggo na ce, "Na yi kuskure, ku yi haƙuri. Ga wannan a sa a miya."

Ta leƙa baron, ta ɗago babban nan, ta juya shi a hannu. Sannan ta ce, "Guda nawa ne a ciki?"

Goma sha huɗu ne. Da hannuna na zuba, kuma kowanne da na ɗora sai da na ji shi a haƙarƙarina. Lambar tana kan harshena. Na dubi matan nan, duk sun daina shan koko.

Na ce, "Ban ƙirga ba."

Gwaggo ta ce, "Ƙarya kike. Amma ta yi kyau. Ku tashi."

Kafin in miƙe an rabe kayan baron, kowace ta kai nata gida ko ta aika, aka ɗora tukwane a baron da na zo da shi, ni na turo su. Ƙarfe tara saura muka shiga gida. Umma na ganinsu ta sa hijabinta, ta gaida Gwaggo kamar babu abin da ya faru, ta tafi makaranta.

Abin da na gani daga nan, ban taɓa ganin irinsa ba, ga shi kuwa a gidan biki na girma, sai dai ban taɓa tsayawa na kalla ba. Kafin rabin awa wuta biyar na ci. Wasu na gyaran tattasai, wasu sun tafi niƙa, wasu na kankare karas, baki na aiki hannu na aiki. Ni aka ba ni wanke salak a ruwan sanyi, ganye ganye, wai ni na san lissafinsa. Ina wankewa ina auna abin da ya rage, na ga ko ta yaya ba zai kai ba. Na matsa kusa da Gwaggo na ce, "Kabejin fa ba zai isa ba." Ta ce, "Wa ya tambaye ki?" Ta zauna a kujera 'yar tsuguno, ta kafa kan kabeji a gwiwa, ta shiga yanka shi siriri kamar zare, kai ɗaya sai ya cika faranti ya yi tozo. Ta sa aka zage zogalen bayan ɗakinmu aka dafa, aka haɗa da salak da tumatir da albasa, aka zuba ƙuli da man gyaɗa. Abin da na ware wa mata biyar, a hannunta ya ci goma.

Wannan shi ya fi ƙona min rai, har yau. Wata huɗu ina tsare kabeji kamar mai gadin banki, ashe ko rabinsa na kawo zai isa. Don haka ku masu son koyon lambu, in kun gama lissafin iri da kwanaki da taki, ku ware na bakin hanya. Ban ce adalci ba ne. Har gobe ina ganin wanda bai shiga ruwa ba bai kamata ya zo da leda ba. Amma kabeji ba ya yanka kansa, kuma masu yanka shi ta bakin hanya suke zuwa.

La'asar na yi ƙofar gida ta cika. Rumfa biyu, kujeru ba su isa ba aka shimfiɗa tabarmi. Aka yi addu'a, Umma ta karanta abin da aka ce ta karanta, mata suka yi ta kabbara. Aka fito da abinci a manyan farantai, shinkafa da miya da nama, kwaɗon salak a gefe, da zoɓo. Kowa ya ci, har aka ƙulla wa wasu a leda. Ina tsaye kusa da kujerar Umma ina miƙa ruwa, hannuwana duk sun yi fari sun tattare, sai babbar malamarsu ta ɗago daga faranti ta ce, "Kai, wannan salak daga ina? Na kasuwa ba ya wannan garɗin."

Kafin kowa ya yi magana Gwaggo Tabawa ta matso, tana goge hannu da gefen zani. "Na lambunmu ne, Malama. Mu muka noma abinmu. Wata huɗu muna fama a bakin kogi cikin sanyin nan, ko ganye ɗaya ba mu sayo ba."

Na buɗe baki. Umma tana zaune cikin farin hijabinta, takardar saukarta a cinya, tana yi wa malama murmushi. Ko kallona ba ta yi ba, ta ɗora ƙafarta a kan tawa ta danna, da ƙafar nan mai ciwon gwiwa, da wani ƙarfin da ban san tana da shi ba.

Malama ta dube ni tana jira.

Na ce, "Gaskiya Gwaggo ta sha wahala."

Sai Umma ta ɗage ƙafarta.